Digna Biyu, Rance Ɗaya

Tun ƙarfe shida Doña Digna ta kama layi a ofishin fansho na garin Manta, baƙar riga a jikinta, kwandon roba a hannu an lulluɓe shi da tawul. Ko soyayyar ayaba ba ta tsaya ci ba.

Wata takwas ke nan ana zaftare mata dala saba'in daga fanshonta, wai biyan rancen dala dubu biyu. Abin da ya rage ba ya kai ta ƙarshen wata. Maganin sukari ma ta koma sha yau, ta tsallake gobe.

Ma'aikacin da ta samu, Wilfrido, irin samarin nan ne da gashi ya sha mai, ido kuma bai san gaida babba ba.

"Mama, kwamfuta ta ce ke kika karɓa."

"Ta gan ni? Juyo da ita ta faɗa a gabana."

Mutanen layi suka kwashe da dariya. Wilfrido ya gyara zama ya karanto: Digna Emérita Zambrano Loor.

"Ɗana, a garin nan in ka jefa dutse, kan wani Zambrano zai sauka. Tashi ka ɗauko fayil ɗina na takarda, ka ga sau nawa kuka ɗora mini kayan wata."

Ya ɗauko yana huci. Sau biyu ne. Ashe akwai wata Digna mai sunaye huɗun nan daidai, kuma a masana'antar kifin gwangwani ɗaya suka yi aiki, a bencin feɗe kifi ɗaya. An taɓa rubuta wa wannan haihuwar tagwaye alhali ko ciki ba ta da shi. An taɓa cire wa waccan haƙori, aka shigar a katin wannan.

Ya zaro takardar rancen. Babu sa hannu, sai dangwalen yatsa, shi ma kamar an goga gawayi. Ya ɗora babban yatsanta a na'ura, na'ura ta ƙi cewa komai. Ya goge ya sake. Ya ga hannun ya farfashe, da fari-fari a gefen farce irin na magina, amma bai tambaya ba.

"Kada ka wahalar da abar," in ji ta. "Shekara talatin da takwas muna feɗe kifin tuna cikin ruwan gishiri. Duk macen da ta yi benci a can, zanen yatsanta yana cikin gwangwani, Turawa sun cinye."

"Kin san ita ɗayar ke nan?"

"Wa bai san ta ba? Uwar son a gani! Shekara guda cur tana kwance, ko bakin ƙofa ba ta iya zuwa, amma ba ta da zance sai ita ba za a tura ta cikin ƙasa ba, sai an gina mata kabari mai shuɗin tayil kamar matar mai jirgin ruwa. Ni kuwa dube ni. Rufin ɗakina yana yoyo, takalmina ya buɗe baki. Ina dala dubu biyun?"

Wilfrido ya leƙa takalmin. Ya koma kwamfuta ya danna, sai ya sassauta murya.

"Ta rasu, Mama. Wata biyar ke nan. To ga inda kuɗin suka tafi."

"'Ya'yanta za ku bi?"

"A'a. Rancen mamaci inshora ke biya. Babu wanda za a bi."

"Ka tabbata? Maimaita."

Ya maimaita. Ya shiga wajen shugabansa da fayil biyu, ya fito da hatimi uku. An mayar da rancen kan mai shi, za a kuma dawo wa Doña Digna da duk abin da aka cire. Har ƙofa ya rako ta yana ba da haƙuri. Ta ce ya rage man gashi.

Ba motar unguwarsu ta shiga ba. A bakin maƙabarta ta sauka, ta bi ta bayan manyan kaburburan masu jirage, ta tsaya gaban wani sabo fil, shuɗin tayil yana sheƙi. Ta shafa layin simintin da ta ƙarasa cikewa da kanta ranar Asabar, saboda magini ya raina aikin. Ta yaye tawul, ta fito da furanni da kyandir.

"Takwara, komai ya tafi yadda kika tsara," ta ce. "Ni na je na dangwala, amma yau gwamnati da hatiminta ta yarda ke kika ci bashin."