Saura In Sa Iyaka

"Wanda ya rubuta layin nan, yau zai bar kamfanin nan!" Auta, shugabar injiniyoyi, ta daki tebur.

Manhajarsu aikinta leƙa kwamfutocin asibitoci, tana neman kafar da masu kutse za su bi. Sai ga shi ta cikinta suka bi. A wannan layi na rubutun manhajar, an ware wa sunan kowace na'ura gurbin harafi sittin da huɗu, amma ba a sa iyaka ba. Masu kutsen suka ɗura mata harafi dubu, gurbin ya tumbatsa, umarninsu ya malala ciki. Bayanan marasa lafiya suka yi gaba.

"Ki bar zancen, mu gyara kawai," in ji manaja, yana kau da kai.

"Wallahi sai na ga sunansa!"

Ta buɗe tarihin aikin, inda ake ganin wanda ya rubuta kowane layi. Sunan yayanta ne, wanda ya koya mata sana'ar. Kwanan watan kuwa, ranar da ta kira shi tana kuka naƙuda ta taso, ranar da tirela ta bi ta kan motarsa a hanyar zuwa wurinta, ya rasu.

A ƙasan layin ya bar rubutu: "Saura in sa iyaka. Auta na kira, yanzu zan dawo."