Arba'in ɗin Kawu Barau

Tun da aka kawo teburin wasa mai jin magana, dokarsa ɗaya ce: wanda jaruminsa ya mutu a labari, tebur ba zai ƙara jin muryarsa ba sai bayan kwana arba'in.

Ranar Asabar Hindatu ke jan labari. Sau biyu ta gargaɗi Kawu Barau cewa gadar ta ruɓe, amma ya dage sai jaruminsa ya haye a kan doki. Ta jefa ɗan ludo, gada ta karye, jarumin Kawu ya mutu.

"Haba ɗiyata, a hannuna kika girma fa! Sake jefawa."

"Kawu, sau uku na yi arba'in ɗina, ban roƙi kowa ba."

Ya kira tebur, shiru. Sai ya yi dariya, ya ja kujerarsa baya.

"To, miƙo min gyaɗar nan in yi kallo."