Labulen Ɗakina Ya Shiga Gasa

"Yaya, wannan ba ɗakinki ba ne?" ƙanwata ta tambaya, tana miƙo min wayar shago.

Ni na ƙirƙiro gasar don labulayenmu su samu kasuwa. Duk wanda ya saya, ya ɗauki hotonsa a gaban labulen ya turo shafinmu, wanda ya fi burge jama'a ya ci kyauta. Hotuna suka yi ta shigowa har na daina kallonsu da kyau.

Na ƙura wa wannan hoton ido. Ga labulena mai ruwan toka, da ƙunar da dutsen guga ya yi masa a gefe. Ga kofin shayin da na bari a bakin gado da safe. Na laluba jakata, makullin gidan yana ciki. Daga ni sai 'yata muke zaune.

"Kin ma ba wanda ya turo shi amsa ɗazu," in ji ƙanwata.

Amsar da nake tura wa kowa ce: "Sharaɗin gasa, dole a ga mutum a hoton."

A ƙasa ya rubuto: "To. Bari ta dawo daga makaranta."