Ranar Cire Filasta

Kafin Uwargida ta gama ɗaura ɗankwali, Injiniya ya leƙa ɗakin ya fi a ƙirga, makullin babur na ƙara a hannunsa, baki har kunne. Yau ce ranar cire filasta. Mutumin da gyaran waya kawai ya sa ake kiransa Injiniya, yau ji yake kamar shi ya ƙago aikin likita.

Abin ya faro ne wata safiya da ya ga hannayen matarsa liƙe da filasta, daga wuyan hannu har gwiwa. Ta sunkuyar da kai ta ce ƙwaƙular fatarta take yi, ba ta sanin lokacin da take farawa, kuma ta kasa bari. Ya ce mu gani, ta ce kunya take ji. Nan take ya ce sai asibiti.

Shi fa Injiniya taurin kai gare shi. Zazzaɓi ya kayar da shi, sai ya ce gajiya ce, asibiti kuwa ko ta ƙofarsa ba ya bi. Amma a kan matar nan ko wuta ce zai shiga. Ita ta san asibitin, ita ta san ranar da likitar halayya take zama, nasa dai tuƙi.

Likitar ta ce ba hauka ba ne, ba kuma ƙazanta ba. Ɗabi'a ce da damuwa ke hura mata wuta, maganinta horar da tunani da hannu, ba allura ba ƙwaya.

"Sharaɗina ɗaya ne, Malam," in ji ta. "Duk abin da na sa ta, kai ma sai ka yi. Ba na son ta ji ita kaɗai ce."

Injiniya ya gyara maɓallin dogon hannun rigarsa, ya bugi ƙirji.

Darasin farko lura ce: duk sanda hannu ya nufi fata, a tsaya a duba me ke cikin zuciya. Uwargida takan ce ta manta. Injiniya, don ya ba ta kunya, sai ya zo da nasa misalan cike da baki: in kwastoma ya tsaya masa a ka, in waya ta ƙi kamawa, in hantsaki na hannunsa babu aikin yi. Likitar ta yi ta jinjina kai, shi kuma ya yi ta kumbura.

Daga nan aka koya musu dunƙule hannu, a ja numfashi har marmarin ya wuce. Likitar ta ce kamar tafasar madara yake, in aka rage wuta da kansa zai kwanta. Ta ba su ƙwallon roba ɗai-ɗai na matsawa. Ta ce kuma akwai wani ɗan tunani maƙaryaci mai cewa "bari in ɗan gyara nan kawai", a riƙa ba shi amsa da cewa an gane shi.

Na Uwargida ƙwallon yana nan sabo fil kan firji. Na Injiniya har ya koɗe. A shago, da ya gama aiki sai ya kulle hantsaki a durowa, ya kashe fitilar nan mai haske da ke nuna komai ƙuru-ƙuru. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya fara kiransa Dakta, shi ko ya amsa da gudu, har yana yi wa masu jiran waya lacca kyauta.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Ranar da wata waya mai tsada ta mutu murus a hannunsa, ya dawo gida da ɗigon jini a hannun riga, Uwargida na gani ta fashe da kuka. Ya tabbata ciwonta ne ya motsa. Ya zaunar da ita, ya maimaita mata maganar likita cewa tuntuɓe ba faɗuwa ba ne, gobe sai a tashi a ci gaba. Ta ce to, ta ji. Washegari ya ninka ƙoƙari don ta yi koyi.

Yau ga shi an zo. Uwargida ta ajiye masa riga mai gajeren hannu, ya zura bai ko duba ba, don hankalinsa na kan abu ɗaya: me ke ƙarƙashin filastar nan? A hanya ya yi ta waƙa, ya gaida mai ba da hannu, ya gaida wanda bai sani ba. Sai da suka zauna gaban likita tsoro ya kama shi, ya shiga addu'a a zuci kada tabo ya ɓata mata hannu.

Uwargida ta ɗaye filasta ta farko, ta biyu, har ta ƙarshe. Fata sumul, ko ƙwarzane babu.

Injiniya ya yi tsalle, kujera ta kife. "Allahu akbar! Likita, duba! Ko tabo babu! Uwargida ran gida, ban gaya miki ba? Ai in na sa hannu a gyara, an gama!"

Uwargida tana dariya, hawaye na zuba, idonta ba ya kan nata hannun, yana kan na mijinta. Likitar ta jira ya gama rawarsa, sannan ta ɗaga kujerar ta nuna masa.

"Ina tabo zai fito, Malam, a fatar da ba a taɓa ƙwaƙula ba? Zauna ka miƙo naka mu gani, ai kai aka kawo mana."