Masu Manhajar na Yanzu

Injiniya ta daka tsalle har kujerarta ta kife. "Na samo su!"

Kwana uku ke nan tsohuwar manhajar adana bayanan ma'aikata ta ƙi buɗewa. Kamfanin da ya ƙirƙire ta ya sayar, wanda ya saya ma ya sayar, har hannu huɗu. Yau ga lambar masu ita na yanzu, waɗanda za su shigo kwamfutar daga nesa su gyara.

Ta danna lambar a salularta tana 'yar rawa. Sai wayar kan teburinta ta ɗau ƙara.

Manaja ya leƙo. "Af, na manta! Mu muka saye ta watan jiya, kuma ke ce sashen gyaran. Ɗauka mana, ranki ya daɗe, kwastoma na jira."