Ƙafar Farko a Gidan Khiem

Gahawar tana ɗiga a hankali daga ɗan matacin ƙarfe, baƙa ƙirin kamar kwalta, Khiem kuwa ya kafa mata ido. Ya danne garin gahawar fiye da yadda ya saba. Abin shan da yake son haɗawa, wanda otal-otal ɗin Saigon ke kira espresso martini, da inji ake matso gahawarsa, shi kuma ba shi da inji. In ta yi ruwa-ruwa, kumfa ba za ta tsaya ba.

Safiyar farko ce ta sabuwar shekara, ƙofar gidan a rufe. Ba mai shiga sai wanda aka zaɓa ya fara sa ƙafa, domin a sawunsa rabon shekarar ke shigowa. Khiem ya zaɓi yayarsa, Nhan. Ya ce wa matarsa Tuoi shekarar haihuwar Nhan ce ta dace. Tuoi ta gane ba wannan ne dalilin ba. Ta san tun da ya sayar da gonar gahawar mahaifinsu ya gina wannan gida da ɗan shago a gabansa, daga Nhan har mahaifiyarsu ba wadda ta taɓa leƙowa.

Sai makon jiya tsohuwar ta aiko da ƙullin gahawa daga bishiyoyin bayan ɗakinta, wadda ta soya da hannunta da man shanu. Babu saƙo. Nhan kuma ta ce a waya za su zo tare. In suka tsallako ƙofar nan yau, an yafe masa.

Ya bar gahawar ta huce, ya juye ta a kwalba mai murfi, ya zuba farar giya, da cokali guda na madarar gwangwani mai kauri, ya cika da ƙanƙara. Ya girgiza har yatsunsa suka sandare. Da ya tace a tambulan, kumfa ta taso, launin ƙasa-ƙasa, ta tsaya. Ya jera ƙwayoyin gahawa a kanta, ba su nutse ba.

"Giya da sassafe," in ji Tuoi, hannunta a kan cikinta da ya tsufa. "Mama ce za ta sha wannan?"

"Za ta ɗanɗana, ta ce na ɓata mata gahawa. Shi nake son ji."

Ƙarar babur ta tsaya a waje. Ya fita da tambulan a kan faranti, ya buɗe ƙofa.

Nhan ce ita kaɗai. Rigar jiya ce a jikinta, toka-toka, a ranar da ko mai shara ke sa ja. Ba ta cire hular kwano ba, ba ta kashe babur ɗin ba. Ƙanshin turaren wuta ya kama tufafinta.

"Yaya, shigo mana. Ina Mama?"

"Tana kwance, Auta."

"To ke shigo. Tun asuba muke kulle kamar kaji, ke muke jira."

Ta dubi dakalin ƙofar, ta dubi cikin Tuoi, ta ja babur ɗin baya kaɗan.

"Nemi wani. Maƙwabcinka mai sayar da furanni, shekararsa ma ta dace."

"Ke na roƙa."

"Na sani."

Bai ji ta yi masa barka da sabuwar shekara ba. Ya miƙa mata farantin da hannu biyu, ta bisa dakalin, kamar mai ba fursuna abinci. Ta ɗauka, ta shinshina, ta daɗe tana kallon kumfar.

"Gahawar Mama ce?"

"Tata ce. Ki ce mata na iya wani abu ban da sayar da gona."

Ta kurɓa sau ɗaya, ta rufe ido. Sannan ta mayar da tambulan kan farantin.

"Kada ku zo gaisuwa yau. Ku bari sai jibi."

Ranar farko ranar iyaye ce. Ko ɗan da aka kora yana zuwa ya durƙusa. Khiem ya dire farantin.

"Ita ta ce haka?"

"Ni na ce. Kana da sauran ƙanƙara? Duk shaguna a rufe."

Ya yi dariya ba daɗi. Wato akwai baƙi a can, akwai shagali, shi ne kawai ba a so. Ya shiga shago, ya kwashe duk ƙanƙarar da ke cikin firji, buhu biyu, ya dire su a wajen ƙofa.

"Ga shi. A sha lafiya. Ki faɗa mata ba jibi ba, ko baɗi ba za ta ga ƙafata ba. Ta riƙe fushinta ta tafi da shi kabari."

Nhan ta ɗaure buhunan a bayan babur, ƙulli bayan ƙulli, ba ta ɗago ba.

"Ka ci abinci, Auta. Ka kula da Tuoi."

Ya rufe ƙofa kafin ta juya. A kan faranti kumfar ta fara lotsawa. Ya shanye ragowar a tsaye, ya aika a kira mai furanni.

Nhan ta bi titunan da ba kowa, ruwa na ɗiga a bayanta. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya taka gidan kowa a wannan rana, ba a kuma buɗe makoki sai ta wuce, gawa kuwa da ƙanƙara take jira. Ta tsaya a ƙofar gidansu, ta kwance buhunan, ta kai su ɗakin da gawar mahaifiyarsu ke kwance tun kafin asuba, da farin ƙyalle a fuskarta.