Rabin Ƙwayar Sarkin Aski

Shekara takwas ke nan Sarkin Aski yana fama da ciwon sukari. Ƙwaya ɗaya ce ke riƙe da shi, 'yar mitsitsiya mai tsadar tsiya, wadda yake haɗiya kowace safiya kafin ya buɗe shago. Mutum ne mai tsabta da son abu mai kyau. Kujerarsa ɗaya, madubinsa ɗaya, amma in ya gyara maka gaban goshi sai ka rantse da ma'auni aka ja layin.

Da ciniki ya ja baya, kuɗin ƙwayar ya fara gagararsa. Ran nan ya tsaya a kantin magani yana ta jujjuya kwalin a hannu, ya kasa cewa a ba shi. Mai kantin, wata matashiya da ta taso a gabansa, ta gane abin da ke damunsa.

"Baba, ai sauƙi ya zo," in ji ta. "Kamfanin da ya ƙirƙiro maganin nan, doka ta ba shi wasu shekaru shi kaɗai yake yinsa, shi ya sa tsadar. To wa'adin ya cika, yanzu wasu kamfanoni ma suna yi. Ga shi nan, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, hukuma ta gwada ta ba shi lamba. Kuɗinsa bai kai rabin wancan ba."

Sarkin Aski ya yi dariya.

"'Yata, ni za ki koya wa kayan arha? Na taɓa sayen injin aski mai arha, kamanninsa sak da na gaske. Kai uku ya aske ya fara cizon fata. Abin da ban yarda in ɗora a kan mutane ba, shi zan zuba a cikina?"

"Magani ba injin aski ba ne, Baba. Kai wa likitanka ya duba mana."

"Likita ai ya riga ya rubuta. Ba ni nawa na da."

Ya sayi na sati biyu, ya ƙudurta sai ya kai shi wata. Kullum da safe sai ya ɗora ƙwayar a kan gilashin da ke gaban madubi, ya ɓare sabuwar reza, ya raba ta biyu cif, ko gari ba ya zuba. Har wani daɗi yake ji na wannan gwaninta, bawan Allah.

Maiɗakinsa ta yi magana. "Maigida, guda fa aka ce ka riƙa sha."

"Rabin na ainihi ya fi min cikakken jabu," ya ce, ya rufe zancen.

Tafiya ta yi tafiya, rabin ma ya koma yau a sha gobe a huta. Ƙishirwa ta dame shi, ya ce zafi ne. Da ya fara gani dishi-dishi, madubi ya ɗora wa laifi, ya yi ta goge shi. Ya canja ƙwan lantarki har sau biyu, yana mitar cewa kayan zamani ba su da haske.

Bayan kusan shekara biyu, wata safiya yana gyara wa wani malamin makaranta da ya daɗe yana yi wa aski, sai reza ta yanki gefen kunnensa. Jini ya ɗiga a kan farin mayafin askin.

"Ba komai, tsautsayi ne," in ji malamin.

Sarkin Aski ya ajiye rezar. Shi kaɗai ya san gaskiya: bai ga kunnen ba sam.

A asibiti wata likita ta haska idanunsa, ta daɗe tana dubawa. Ta ce sukari ya jima yana hawa, ya lalata ƙananan jijiyoyin da ke bayan ido. Na hagu ya tafi, na dama kuma za a yi ƙoƙarin ceton abin da ya rage. Da ya faɗa mata yadda yake shan magani da dalilinsa, sai ta dafe kai.

"Wayyo Baba! Mai arhar nan da ka ƙi, shi nake rubuta wa mutane yanzu. Mahaifiyata ma shi take sha."

Ya ɗago, murya a sanyaye.

"Likita, zan koma aski?"

"A'a, Baba. Ka yi haƙuri."

Dattijon da bai taɓa kuka a gaban iyalinsa ba ya kifa kai a kafaɗar matarsa, hawaye na zuba.

Jama'a, ba kowane magani mai arha ne jabu ba. In kuɗin maganinku ya fi ƙarfinku, ku tambayi likita ko ƙwararren mai magani ko akwai irinsa mai rajista da sauƙin kuɗi, kada ku rage wa kanku abin da aka ce ku sha.